Gyaran Fasassun Tukwane da Tangaran: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini

Na tashi a gidan magina tukwane a ƙasar Argungu. Kakata da innata duk sana'arsu ke nan, kuma tun ina ƙarami ni ake sa kwashe tsingaro in an buɗe toyi. Da na girma sai hannuna ya karkata ga gyaran abin da ya fashe, tun daga randar tsakar gida har farantan jeren amare. Tambayoyin nan su ne waɗanda ake ta maimaita mini, wasu a bakin rumfa, wasu ta waya daga Birnin Kebbi, Jega, Gusau ko Talata Mafara. Ni kuma kafin in amsa kowace, akwai wadda nake fara yi wa mai kaya: bayan an gyara, wane aiki kake so abin nan ya yi maka? Gam yana maido da siffa, amma da wuya ya maido da aiki, kuma kusan duk amsoshin da ke ƙasa daga nan suka taso.

Yanzun nan abu ya faɗi ya fashe. Me zan fara yi?

Kada a kai hannu ga tsintsiya tukuna. A fitar da yara daga wurin, a tsuguna a tsince komai a hankali, har ɗan ɓarɓashin da bai kai ƙwayar gero ba. Ƙananan nan su ne ke rufe layin tsaga daga baya. A leƙa ƙarƙashin gado da bayan kabad, don tangaran yana tsalle da nisa.

Kowane guntu a naɗe shi daban cikin takarda ko tsohon ƙyalle, kada a zuba su a leda ɗaya suna gugar juna. A daure kuma, kada a riƙa haɗa bakin wannan da na wancan don a ga ko sun dace. Kowane gwaji yana cinye kaifin baki, musamman a tukunyar ƙasa, kuma kaifin nan ne ke sa guntu ya zauna daram a mazauninsa.

Duk kayan fashewa ba iri ɗaya ba ne? Me ya sa kake tambaya ko na ƙasa ne ko tangaran?

Don gam ɗin da ke kama ɗaya yana iya ɓata ɗayan. Randa, tulu, kasko, tanda da shantali ana gasa su ne a fili da kara da kashin shanu da itace, zafin yana tsayawa tsakanin digiri 600 zuwa 900 a ma'aunin Salshiyos. Jikinsu cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, shi ya sa suke shan ruwa. Tangaran na ƙwarai, wanda iyayenmu ke kira faɗi-ka-mutu, yana shan wuta ta digiri 1,200 zuwa 1,400 a rufaffen tanderu, har jikinsa ya narke ya zama kamar gilashi.

Gwajin ba wuya. A ɗiga ruwa a bakin karayar. In ya shanye nan take, jikin mai sha ne, ko da samansa yana ƙyalli. Farantai masu araha da yawa haka suke, santsin a fata kawai ya tsaya. In ɗigon ya tsaya yana sheƙi, tangaran ne na gaske. Langa da sauran kwanukan ƙarfe masu fenti ba sa cikin wannan zance.

Me zai hana a liƙe da ɗanyen yumɓu a sake gasawa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace zuwa, kuma mai yin ta yana da hujja, don ya ga maginiya tana shafe tsagar ɗanyar tukunya da jiƙaƙƙen yatsa. Amma wannan kafin wuta ne. Da zarar yumɓu ya wuce digiri 600 ko kusa da haka, ruwan da ke ɗaure cikin ƙwayoyinsa ya fita ke nan har abada. Ko shekara tsingaro ya yi a ruwa ba zai koma laka ba. Sabon yumɓun da aka manna masa zai tsuke yana bushewa, tsohon jikin kuwa ba ya motsi, sai facin ya ɓamɓare tun bai ga wuta ba. Gam kuma duk irinsa ƙonewa yake a toyi. Hanya ɗaya da tsohuwar tukunya ke komawa wuta tana cikin amsa ta ƙarshe.

To wane gam zan saya?

Ga kayan ƙasa na ado, farin gam na kafintoci irin Top Bond ya wadatar. Yana shiga ƙofofin jikin ya riƙe, kuma in an yi kuskure ruwan ɗumi yana saki. Aibinsa ke nan kuma: ba ya jure jiƙa. Ƙaro ma yana liƙewa, amma damina tana sassauta shi, kyankyaso yana lasa.

Ga tangaran, mafi ƙarfi shi ne gam mai bututu biyu da ake cuɗawa, irin Araldite. A nemi mai jinkirin kamawa, ba na minti 4 ko 5 da makanikai ke amfani da shi ba. Mai saurin ba ya ba mutum damar daidaita baki, kuma ya fi saurin komawa rawaya. Sufa gulu yana aiki in karayar biyu ce tak, mai tsabta, a jikin da ba ya sha. A kan tukunyar ƙasa nutsewa yake ya bar baƙin tabo bai riƙe komai ba. Gam ɗin masu gyaran takalmi kuwa a bar wa takalmi, yana zama kamar roba, yana yin ja, yana jan ƙura. Akwai ƙa'idar da nake riƙe da ita: kada gam ya fi jikin da ake liƙewa ƙarfi. In aka sa Araldite a kan tukunya mai laushi ta sake faɗuwa, ba a tsohon layin za ta rabu ba, gefensa za ta yage, a tashi da karaya biyu maimakon ɗaya.

Masu aikin gidajen tarihi suna amfani da wani danƙo mai suna Paraloid B-72 da ake narkarwa cikin asiton, wato ruwan goge jan farce, saboda ana iya kwance shi ko bayan shekaru. Sai dai yana fara laushi a wajen digiri 40, kuma kowa ya san yadda ɗaki mai rufin kwano yake a Birnin Kebbi ko Gusau cikin watan Afrilu. Wanda ya same shi ya tabbata abin zai zauna a wuri mai sanyi, in ba haka ba haɗin yana iya zamewa a hankali.

Yaya ake haɗa abin da ya rabu gida goma ko fiye?

A fara da wanki. Tangaran a wanke bakinsa da ruwan ɗumi da ɗan sabulu da tsohon buroshin haƙori, a ɗauraye, in akwai maiƙo a goge da auduga da asiton. Kayan ƙasa a goge su da busasshen buroshi; in dole sai an jiƙa, a ba su kwana 2 ko 3 a inuwa, don sama tana bushewa ciki na nan da lema.

Sai a yi haɗin gwaji sau ɗaya tak, babu gam, da salatif na takarda, ana rubuta lamba a kan salatif ɗin. Amfaninsa a gano jerin shiga. Akwai guntun da in aka liƙe maƙwabtansa kafin shi, ƙofarsa ta rufe. Na koyi wannan a kan farantin wata dattijuwa da ta gada wajen mahaifiyarta. Na fara daga baki don ya fi sauƙin ganewa, da na zo kan guntun tsakiya ya ƙi shiga, sai da na kwana uku ina kwance aikin, kuma wani ɗan baki ya ƙara gutsurewa a hannuna. Har yau ina jin nauyin ranar da na mayar mata da shi. Tun daga nan daga gindi nake farawa in hau sama.

Gam kaɗan ake sawa, a baki ɗaya kawai, da tsinken ashana. In ya yi kauri yana ture guntayen, kuskuren ya yi ta taruwa har na ƙarshe ya rasa wuri. A matse, a bi layin da farce. In farce ya ci tuntuɓe, ba a daidaita ba. Babban mataimaki shi ne daro cike da busasshen yashi: a kafa babban guntun a ciki yadda bakin karayar zai kalli sama, a ɗora ƙaramin a kai, nauyinsa ya riƙe shi. Abu mai zagaye a ɗaure shi da robar tayar keke da aka yanka siri-siri. Haɗi ɗaya ko biyu a rana ya isa, a ba kowane awa 24. Da bazara a riƙa cuɗa gam ɗan kaɗan don zafi yana sa ya daskare da wuri, da hunturu kuma a kifa kwali a kan aikin saboda ƙura. Abin da ya tsattsafo a bari ya ɗan yi tauri a yanke da reza, ya fi a shafe shi yana ɗanye.

Randata ta tsage tana yoyo, kuma ruwanta ya fi na kowace sanyi. Akwai dabara?

Akwai, Hajiya, in tsagar ba ta ratsa gindi ba. A juye ruwan, a nemi inda layin ya tsaya. In aka jiƙa jikin, tsaga ce ke rigan sauran wurin yin duhu kuma ita ke bushewa a ƙarshe. A ɗaure wuyan randar da cikinta da waya, a murɗa da filaya har ta kama, don a hana tsagar ci gaba. Wasu tsofaffi suna huda ƙananan ramuka a gefe da gefen layin su ɗinke da waya, kamar yadda gyartai ke ɗinke ƙwarya. Yana riƙewa, amma hudar tana son hannun da ya saba.

Daga nan a ɗan kankare layin ta waje da ƙusa, a jiƙa wurin sosai, a cusa kwaɓin siminti kashi 1 da tankaɗaɗɗen yashi kashi 2. Jiƙawar nan ita ce sirrin, don busasshiyar randa tana tsotse ruwan simintin ya zama gari. A lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu ana yayyafi har mako guda, sannan a cika a zubar sau biyu ko uku kafin a sha. Faci ya tsaya kan tsaga kawai. Sanyin randa daga zufar da take yi yake fitowa, iska tana busar da zufar tana tafiya da zafi; in aka shafe ta duka da siminti ko fenti, an kashe abin da ake so a wajenta. Kwalta da narkakkiyar leda kada su kusanci abin shan ruwa. Ruwan makuba ko na bagaruwa da magina ke yayyafa wa tukwane yana aiki ne lokacin da tukunya ta fito daga wuta da zafinta, ba ya liƙe tsaga.

Zan iya ci gaba da girki ko cin abinci a abin da aka liƙe?

Girki, a'a. Gam ɗin kasuwa yana laushi tun kafin ya kai zafin murhu, kuma tukunyar miya da ta rabu a kan wuta ƙafar wani take samu, sau da yawa ta yaro. Abin da ake iya cetowa shi ne tukunya ko tanda mai ɗan tsattsafo, wadda in an ƙwanƙwasa har yanzu tana amsawa da ƙara mai zaƙi. A tafasa ƙasari ko tsinkakken kunu a ciki a kan wuta kaɗan, a bari ya huce a ciki. Sitacin yana toshe ƙofofin, kamar yadda ake horar da sabuwar tukunya. In sautin ya mutu, ya zama ɓaf-ɓaf, ta gama aikin wuta.

Faranti da kofi ma ba na ba da shawarar a mayar da su ga abinci mai ruwa ko zafi. Layin haɗi yana ɓoye miya da maiƙo inda soso ba ya kaiwa, kuma gam ɗin da ke hannunmu ba don baki aka yi shi ba. A zuba dabino ko alewa mai takarda, ko a mayar da shi jere. Mariƙin kofi yana liƙuwa da kyau, amma ba zan ɗaga tafasasshen shayi da shi a kan cinyata ba.

Wani guntu ya ɓace. Da me ake cike giɓin, kuma wane fenti ya dace?

A kayan ƙasa, farar hodar nan ta masu silin, POP, ita ce ta fi sauƙi. A tare bayan giɓin da salatif, ko a danna kakin kyandir mai ɗumi a kan lafiyayyen ɓangaren baki a ɗauki siffarsa a matso da shi kan giɓin. A jiƙa bakunan, a zuba kwaɓin, in ya bushe a goge da lallausan samfefa ba tare da an taɓa asalin jikin ba. In ramin ƙarami ne, na fi son in daka tsingaro mai launi ɗaya in cuɗa garin da farin gam, launin yana fitowa da kansa. A tangaran kuwa, Araldite da aka cuɗa da farar hoda. Fentin ruwa na masu zane ya isa, kuma a tsaya kan facin.

Nan akwai abin da ba na wasa da shi. Mutanen Zamfara ba su manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dalma ba ta wari, ba ta ɗanɗano. Kada a ɗebi ƙasa ko yashin faci daga inda ake niƙa ko wanke ma'adinai. Wasu fentin mai, musamman masu rawaya da ja, suna ɗauke da ita, haka ma ƙyallin wasu tsofaffin farantai masu zane. Abu mai tsami kamar zoɓo, tsamiya, nono ko lemun tsami yana jawo ta daga ƙyallin da ya tsattsage, wannan ma ƙarin dalili ne kan amsar da ta gabata.

An riga an liƙe mini da mugun gam, ya karkace. Ana kwancewa?

Galibi ana yi. Farin gam da ƙaro suna saki a ruwan ɗumi. Sufa gulu yana narkewa in aka ɗora audugar da aka jiƙa da asiton a kan layin aka rufe da leda na 'yan awoyi. A yi a waje, nesa da murhu, don asiton yana kama wuta nan da nan. Mai bututu biyu ya fi taurin kai, sai an yi ta jiƙa tangaran ɗin a ruwan zafi ana sakewa. A shimfiɗa tsumma a ƙasa don kada ya saki ya faɗi, kuma kada a ɓamɓare da wuƙa, a nan ake yin gyaran gangar Auzinawa. Baƙin layin da ya rage a ɗora masa audugar haidurojin ta kemis. Ruwan bilicin wanki yana barin gishiri a ƙarƙashin ƙyalli ya ɓare shi daga baya.

Na ga hoton kwanon da aka liƙe da zinariya. Ana yin irinsa a nan?

Sana'ar Jafanawa ce, sunanta kintsugi. Ba narkakkiyar zinariya ce ke riƙe kwanon ba. Danƙon wata bishiya ne da suke kira urushi, a ƙarshe a barbaɗa garin zinariya a kan layin. Danƙon yana son iska mai laima kafin ya bushe, aikin yana cin makonni, ɗanyensa kuma yana sa ƙaiƙayi mai tsanani. Abin da aka fi gani a intanet kwaikwayo ne, gam ne da hoda mai ruwan zinariya, ya yi kyau a kabad amma ba na abinci ba ne.

Ga Musulmi akwai kuma batun hukunci, tun da an hana ci da sha a ƙoren zinariya da azurfa. A gefe guda, ya tabbata a Bukhari daga Anas cewa ƙoƙon shan Manzon Allah (SAW) ya tsage aka ɗaure wurin da azurfa. Mai son shan abu a irin wannan kwano ya fara zama da malaminsa.

Ina noma garma ta tono tsohuwar tukunya mai siffar mutum. In wanke in liƙe?

Don Allah kada ka wanke, kada ka liƙe, kada ka ci gaba da tono. Ƙasarmu cike take da irin wannan. A yankin Yalwa ta Yawuri an tono ƙananan siffofin yumɓu da suka haura shekara 1,000 kafin a kammala madatsar Kainji a 1968. A ƙasar Zuru, matan wasu zuri'o'in Dakarkari suna gina tukwane da siffofi da ake ɗorawa a kan kushewar manyan manoma, mafarauta da 'yan kokawa. An kuma samu siffofin yumɓu a wajen Kwatarkwashi ta Zamfara, da yawa sun salwanta a hannun dillalai ba a san ma daga wane rami suka fito ba.

Tukunyar da ta daɗe a ƙasa ta sha gishiri da kanwa. In ta bushe da gaggawa a rana, gishirin yana fitowa ya ɓarɓashe fatarta. In aka dirje ta, zane da toka da ragowar hatsin da masana ke gane shekarunta da su sun tafi. In aka sa mata sufa gulu, ba mai iya fitar da shi daga jikin da ke sha, kamar yadda na faɗa a amsar gam. Ka ɗauki hoto tana inda take, ka mayar da ƙasa ka rufe, ka shaida wurin, ka gaya wa mai gari. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar 1979, ita ke da alhakin irin wannan kaya, kuma dokar ta hana cinikinsu ko fitar da su waje ba izini. Wanda ke kusa da Argungu yana iya fara tambaya a Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka gina a 1831, sarakunan Kabi suka zauna cikinta har 1942, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958. In kuma a kan kushewa abin yake, yana da masu shi, a bar shi inda suka ajiye.

In abin bai gyaruwa, ko kuɗin gam ya fi kuɗin sabo fa?

Tulun kasuwa da maginiya za ta gina maka irinsa jibi, gara ka sayi sabo, ita ma ta samu na cefane. Wahalar gyara ta cancanci abin da ba a sayen madadinsa: farantin gado, kyautar aure, aikin hannun wadda ta riga mu gidan gaskiya. Shi ma in an gyara a ɗauke shi ta gindi da hannu biyu, a goge da busasshen ƙyalle, kada ya kwana a ruwa.

Sauran kuwa ba sa rasa aiki. Randar da gindinta ya tsage tana ajiye busasshen hatsi ko a dasa mata na'ana'a. Rabin tukunya ya zama kaskon ruwan kaji, ko na turare, ko na ɗibar garwashi. Abin da ya yi ƙanƙanta a tara a kai wa maginiya. Tsingaron kayan ƙasa kawai, ban da tangaran, ban da wanda gam ko siminti ya taɓa. Za ta daka shi a turmi, ta tankaɗe, ta cuɗa garin cikin sabon yumɓu, don shi ke rage tsukewa ya hana sabuwar tukunya tsagewa a rana da cikin toyi. Innata takan ware na tsofaffin tukwanen girki daban, tana cewa wanda ya saba da wuta ya fi kyau a gindin tanda.